Manniru Mai Firiza Ya Yi Ritaya a Masar

Duk wanda ya daɗe a Gwarinpa, in dai firjinsa ya taɓa daina sanyi, to ya san Manniru. Shagonsa na jikin nawa, ni walda nake yi, saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, a gabana aka yi. Mutumin Talatar Mafara ne, gajere mai faɗin kafaɗa. Da baro ya fara a Abuja, yana tallan lemo da kankana, har wani oga Bayarabe ya ɗauke shi ya koya masa gyaran firji da esi. Hannunsa yana da kyau, ko maƙiyinsa ya shaida. Matsalarsa ɗaya ce, baki.

Tun yana ɗan arba'in ya rantse ba zai cika hamsin da sifana a hannu ba. Wani likita da ya taɓa yi wa aiki, wanda ya tattara ya koma Masar, shi ya hure masa kunne, wai a Iskandariyya iskar teku ke yi wa mutum fifita, ba ruwan kowa da esi. Shi ke nan fa, muka shiga uku. Ka ce masa ana rana, ya ce ai saura ƙiris ya bar mana ita. Ka ce an ɗauke wuta, ya ce mu ta shafa. Wallahi akwai ranar da na ji kamar in walde ƙofar shagonsa yana ciki, don in huta da Iskandariyya.

Amma fa kada ku ɗauka sakarai ne, tsarinsa tsari ne. Bai yarda ya ajiye kuɗi a banki ba, ya ce naira narkewa take yi kamar ƙanƙara a rana. Fili kuma ya ga yadda ake sayar wa mutum uku fuloti ɗaya. Sai ya lura da masu barin ƙasa, waɗanda ke sayar da kayan gida a gurguje kafin jirginsu ya tashi. Ya riƙa sayen firizarsu da araha, ya gyara, ya ajiye wa mata masu ƙanƙara da zoɓo da kunun aya da kifi, daga Gwarinpa har Jiwa, kowacce tana ba shi ɗan abin sati. Da abin satin yake ƙara wata. A hankali ya tara goma sha wani abu. Shirinsa shi ne in lokaci ya yi ya sayar da su gaba ɗaya, ya canza kuɗin zuwa dala, ya yi gaba ya kama ɗaki, sannan matarsa Zakiyya ta biyo shi.

Lokaci ya yi. Ya samu dillali a kasuwa, suka yi ciniki, aka tsayar da ranar da mota za ta bi gida-gida ta kwashe kaya. A nan ne Zakiyya, mace mai hankali wadda ba ta da yawan magana, ta ba shi shawara: ya sayar tukuna, kuɗi su shiga aljihu, sannan ya yi wa mutane sallama. Gogan naka ya ce ina! Ai sai a ce ya ƙwace wa mata abin sana'a ya gudu. Walima zai yi, ya yanka rago, ya gaya musu maganar da nama a bakinsu, ta fi sauƙin haɗiyewa. Ya sa walimar ana gobe dillali zai zo.

Abin da ya manta, mutanenmu ba sa zuwa sallamar matafiyi hannu rabbana. Ranar walima mata suka riƙa shigowa da guzuri: yaji, kuka, daddawa, ƙuli-ƙuli, dakuwa, kilishi, har da garin kwaki. Aka tara a gabansa kamar kayan lefe. Liman ya yi doguwar addu'a, ya ce mutumin kirki za shi tafi, wanda bai taɓa sa na ƙasa da shi kuka ba. Na ga Manniru yana ta gyara zama.

Ya miƙe zai yi jawabinsa ke nan sai Kubra ta riga shi. Kubra mai ƙanƙara ce a Jiwa, mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu, kuma da firizar Manniru take ciyar da su. Ita ta kawo bokitin dakuwa mafi girma. Ta durƙusa ta ce, "Oga Manniru, Allah ya kai lafiya. To in ka tafi, wa zan riƙa kai wa abin sati?"

Amsar tana bakinsa, ya kwana yana bitarta: gobe mota za ta zo. Ya dubi liman, ya dubi bokitin dakuwa, ya dubi ƙaramin ɗanta da ke riƙe da zanenta. Sai muka ji ya ce, "Ki riƙe, na bar miki."

Aka rangaɗa guɗa. Kafin guɗar ta sauka, Madam Joy mai kifi ta miƙe, da irin Hausarta ta nan garin, ta ce, "Oga, ni fa? Ni ma ya kawo gari, nawa firiza ma yana nan." To ya zai yi? Ka bar wa wannan ka hana waccan, a gaban liman, da naman ragonka a bakin jama'a? Kara ta ci shi. Ɗaya bayan ɗaya suka miƙe, ɗaya bayan ɗaya ya ce na bari. Na dubi Zakiyya, ta sunkuyar da kai tana gyara mayafi, ban san ko dariya take ɓoyewa ko kuka ba. Kafin a watse, jarin shekara goma ya koma yaji da daddawa.

Washegari ya ba dillali haƙuri, ya sha zagi ta waya. Sannan ya shigo shagona ya zauna a kan jarka, ya yi tagumi. Tausayinsa ya kama ni, gaskiya, duk da na ce masa baki shi ke yanka wuya. Na ce ya fito ya faɗa wa mutane tafiya ta fasa, ba a kashe mutum a kan haka. Ya ce shi da ya karɓi guzuri, aka yi masa addu'a, tsofaffi suka yi kuka? Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ya shekara goma yana cika wa Gwarinpa baki, ba zai tsaya yara su riƙa nuna shi ba. Mutuncinsa kaɗai ya rage masa, kuma ba zai bari shi ma ya bi firiza ba.

Haka muka ɗauki tasi da safe, unguwa ta fito tana ɗaga hannu. Muka hau titin filin jirgi sosai, don kada a ce an yi ƙarya. Da muka zo kwanar shiga sai muka wuce abinmu, muka bi ta Gwagwalada, muka sauka a Sheda, gidan abokinsa Solomon, manomin doya. Solomon ya saurari labarin, ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya share masa ɗaki. Nan ce Masar ɗin Manniru.

Ya yi watanni a can. Da safe ya bi Solomon gona, da rana ya ci tuwo da kukar guzurinsa. Yakan turo wa Zakiyya saƙon murya ta sa wa mata su ji. Wata rana aka jiyo matan gidan Solomon suna hira da Gwaranci a bayansa, Zakiyya ko gezau, ta ce Larabcin can ne, haka yake da sauri. Mata suka ce Allah sarki.

Sai azumi ya kama a tsakiyar zafi, lokacin da mai ƙanƙara ke samun abin da zai riƙe ta shekara. A daidai nan firizar Kubra ta tsaya. Wani mai gyara ya duba ya ce injin ya mutu, ya yanka mata kuɗin da ko ta sayar da gadonta ba za ta haɗa ba. Zakiyya ta gaya wa mijinta ta waya, a cikin hira, kamar ba komai. Manniru ya san firizar nan ciki da bai, ya ce ƙarya ne, ɗan ƙaramin abu ne ya ƙone a gefen injin. Zakiyya ta ce to, ai sai a yi haƙuri, tunda wanda ya sani yana Masar.

Bai iya cin abincin buɗa-baki ba ranar. Da gari ya waye ya ɗauki jakar kayan aiki. Solomon ya tare shi ya ce matafiyi ba ya komawa gida babu tsaraba, ya loda masa doya a buhu.

Na riske shi a Jiwa, tsakar gidan Kubra, ya yi baƙi ya rame, ya kwanta a ƙasa kansa na bayan firiza. Mata sun cika gidan. Na tsaya ina jiran a fara yi masa tsiya, don ni kam na tanadi tawa. Ba wadda ta yi. Kowacce ta durƙusa ta yi masa sannu da hanya, ta tambayi mutanen Masar, ya amsa ƙasa-ƙasa yana zufa. Can firiza ta yi gurnani ta tashi. Madam Joy ta buɗe buhun tsaraba, ta ɗaga doya ɗaya ta juya ta, ta ce ashe can ma suna noma mai kyau. Ko mutum ɗaya bai yi dariya ba.

Manniru ya tashi zaune, ya share hannu, ya ce yana da maganar da zai faɗa. Kubra ta katse shi. "Oga, ƙanwar Madam Joy a Sheda take aure. Tun satin farko muka san inda kake. Wanda ya rufa mana asiri, ba mu za mu tona nasa ba."

Na san Manniru shekara da shekaru, ban taɓa ganin bakinsa ya mutu ba sai ranar. Ya mai da kansa bayan firiza, wai akwai waya ɗaya da bai ɗaure ba, ya daɗe a can.

Yanzu ya haura hamsin, sifana na hannunsa, kuma duk unguwa Ɗan Masar ake kiransa, yana amsawa. Matan nan ba sa kai gyara wurin kowa sai shi, in ya ƙi karɓar kuɗi su kai wa Zakiyya. Ya sake sayen firiza biyu, ya ce tafiyar shekara sittin ce ta gaskiya. Zakiyya ta ce ta yarda, amma wannan karon ita za ta yi walimar, bayan jirgi ya tashi.