Tarwadar da Na Mayar wa Alhaji

Shekarar da sojoji suka koma bariki, kowa a unguwarmu ta Koki kunnensa na jikin rediyo, ni kuwa idona na jikin akwatin gilashi. Ƙanena ne ya haɗa mini shi. Yankan gilashin taga yake yi a Ƙofar Ruwa, sai ya tara ragowa, ya liƙe su da gam, ya kawo ya dire mini a ƙuryar ɗaki. Ya ce, "Yaya, tunda kika aurar da autarki kin koma hira da bango. Ga abin kallo nan, ki sa kifi."

Ni dama ba mai fita ba ce. Ko biki sai an ja ni. Bokona bai wuce ajin farko-farko ba, amma in aka faɗi magana sau ɗaya a gabana, to ta zauna. Da wannan kunnen na je Sabon Gari, ƙanena na gaba ina binsa, wajen wani Bayarabe mai sayar da kifin ado. Hausarsa ta kasuwa ce, kowa "ka" yake ce masa.

"Hajiya, kar ka duba kyau, duba baki. Abin da ya shiga bakin kifi, shi abinci ne. Wannan mai zane kamar damisa, faɗa-faɗa ne. Ka sa shi da mai dogon wutsiya, gobe wutsiya babu. Wannan ja mai ƙaton ciki, akuya ne, ciyawa duka zai cinye."

Na yi ta dariya, amma ban zubar da ko kalma ɗaya ba. Na bar mai zanen damisar duk da shi ya fi shiga raina. Na ɗauki ƙananan nan masu wutsiya kamar gefen mayafi, na sa musu suna 'yan gayu. Na ƙara da wasu sirara masu yawo garke-garke a saman ruwa, ba sa kula kowa. Sai 'yan ƙasa, gajeru masu ɗan gashin baki, aikinsu tsintar abin da ya faɗo kan yashi. Na sama da na tsakiya da na ƙasa, kowa da wurinsa, kuma babu mai bakin da zai haɗiye wani.

Wahalar da na sha kafin su zauna, Allah ne shaida. Yashi na wanke har hannuna ya yi fari. Ruwan rijiyarmu da zartsi, na famfo kuma sai ya kwana a baho warin maganin ya fita. Ciyawa mai dogon ganye kamar na albasa a wajen Bayaraben na samo, na dasa ta da yatsa, tushe bayan tushe. Kainuwa kuwa daga wani kududdufi ta wajen Goron Dutse aka tsamo mini, na ɗauraye ta na sake ɗaurayewa, na bar ta tana yawo a sama, saiwoyinta na reto kamar gashi. In an ɗauke wuta injin da ke hura musu iska ya tsaya, sai na ɗauki moɗa ina ɗiba ina tsiyayawa. Har aka kai lokacin da ciyawa ta kama, ɗaya daga cikin 'yan gayu cikinta ya yi tulu. Su ba ƙwai suke yi ba, haihuwa suke yi kamar mutane. Kullum da safe ita nake fara dubawa.

Gidanmu babban gida ne, kuma wan mijina shi ne babba. Alhaji muke ce masa. Ban taɓa kama sunansa ba, ban taɓa gaishe shi a tsaye ba. Mutumin kirki ne, wannan ba zan rage masa ba, amma in ya faɗi abu, an gama. Akwai rijiya a tsakar gida tun zamanin mahaifinsu, kuma tun wancan zamanin akwai tarwada a cikinta. A gidaje irin namu haka ake yi, ana cewa ita ke cinye ƙwari da ƙazanta, ruwa ya zauna garau. Duk lokacin da aka yashe rijiya, Alhaji da kansa yake tsayawa a fito da su a zuba a baho, a gama a mayar.

To a yasar wannan shekarar aka samu ƙanana a ciki. Ina zaune da hantsi ina tsince shinkafa sai na ji sallamarsa a ƙofar ɗakina, abin da bai saba ba. Na yi maza na ja mayafi na durƙusa. Bokiti ne a hannunsa, da tarwada a ciki, tsawonta kamar tafin hannu da yatsu, baƙa sul, tana kaɗa gashin baki.

"An ce kina kiwon kifi. Na ce to ai ba a ba ki na gaske ba. Ga jikar tarwadar Baba nan, ki zuba a ciki ta riƙa gyara miki ruwa."

Ya leƙa akwatin ya yi murmushi. "Waɗannan ai ko miyar yaro ba za su yi ba."

Na ce, "Na gode, Alhaji. Allah ya ƙara girma." Ya ajiye bokitin ya fita. Ni kuwa bakin tarwadar nake kallo. Faffaɗa ne, daga kunci zuwa kunci. 'Yan gayuna biyu za su shige shi a jere ba tare da sun gogi juna ba. Kuma na san halinta, tona take yi. Ciyawar da na dasa da yatsa, kafin gari ya waye duk ta taso sama.

Da Malam, maigidana, ya dawo daga kasuwa, na nuna masa. Ya ce, "Ikon Allah! Ta rijiyar Baba? Ko matarsa bai taɓa ba wa ba. Zuba mana."

"Ba zan zuba ba."

"Ke, kyautar Yaya ce fa."

"Na sani. Cinye su za ta yi."

Ya zauna bakin gado ya cire hula yana sosa kai. Shi mutum ne mai gudun fitina. Ya ce, "To ki sa ta kwana ɗaya tak. Gobe in ya leƙo ya gan ta a ciki, shi ke nan, sai mu san dabara."

Na ce, "Malam, ai kwana ɗayan take nema. Ka ga waccan mai cikin? Yau ko gobe ne."

"To mu ajiye ta a randa, mu ce ta yi tsalle ta fita."

"Ni da furfurata zan yi wa Alhaji ƙarya a kan kifi? In na ɓoye yau, baɗi ya kawo wata."

Ya ce wallahi shi babu ruwansa. Na ce dama ban sa ruwansa ba.

Bayan la'asar na yafa mayafi na ɗauki bokitin. Matan gida suna ta daka, tabarya ta tsaya a sama. Matar Alhaji ta ce, "Ke, ina za ki da shi?" Na ce, "Inda ya fito." Alhaji na zaure da abokansa, rediyo a tsakiya, ana ta musun sababbin masu mulki, wannan ya ce za a gyara, wancan ya ce duk ɗaya ne, kaya kawai aka canza. Ban taɓa tsayawa a bakin zauren nan da maza a ciki ba. Na durƙusa daga ƙofar ciki, na tura bokitin gabana.

"Alhaji, a yi haƙuri. Na gode da karamci, amma ba za ta zauna da nawa ba. Bakinta ya fi su. Na roƙi arziki a mayar da ita wajen 'yan uwanta."

Aka rage muryar rediyo. Ya daɗe yana kallon bokitin, bai kalle ni ba.

"Kyautar tawa kika dawo da ita?"

"Ita na dawo da ita, Alhaji. Godiyar tana nan."

Wani tsoho cikin abokansa ya kwashe da dariya. "To, Alhaji, farar hular ta iso har cikin gida!" Alhaji bai yi dariya ba. Ya ce, "Tashi ki je." Na tashi. Na ɗauki bokitin, da hannuna na juye tarwadar a rijiya, na ji faɗuwarta a ruwa.

Abin bai wuce a banza ba. Duk ranar Juma'a nakan aika masa tuwon shinkafa da miyar taushe, tun ina amarya. Juma'ar nan kwanon ya dawo yadda ya tafi, ko murfi ba a ɗaga ba. Ta gaba ma haka. In na gaishe shi sai ya amsa da "lafiya" guda ɗaya, kamar mai cire ƙaya. Matan gida suka ce na cika taurin kai, kifin da ko ci ba a yi. Aka ce in je in ba da haƙuri in karɓo ta. Haƙuri na bayar, ya fi sau nawa. Karɓowa ce ban yi ba. Ban kuma fasa aika tuwona ba, in ya dawo yara su cinye. Har Allah ya karɓi ransa, bai ƙara taka ƙofar ɗakina ba, ko da yake daga baya kwanon ya riƙa dawowa wayam. Ina yi masa addu'a har gobe, kuma in da zai dawo da bokitin nan, hanyar zauren zan sake bi.

Mai cikin kuwa, washegarin ranar da na mayar da tarwadar na tarar cikinta ya saɓe. Na duba ƙasa ban ga komai ba, na duba cikin ciyawa ban gani ba. Sai da na sunkuya na leƙa ƙarƙashin kainuwa. Suna nan maƙale a cikin saiwoyi, kowanne bai kai ƙwayar shinkafa ba, ido kawai da wutsiya. Na kira Malam ya zo ya gani. Ya sa tabarau, ya cire, ya sake sawa, ya ce shi bai ga komai ba. Na ce ya matsa, yana tare musu haske.