Safar da Inna ke aika wa gida

Shekarun baya can, tun ina saurayi ina dako a kasuwar Zahir da ke Makka, mahaifiyata tana da wata al'ada da nake yi wa dariya. Da zarar zafin Makka ya fara sauka, sai ta ɗauko zaren ulu da tsinkayen saƙa guda biyar, ta zauna bakin ƙofar ɗakinmu a Utaibiyya, ta fara saƙa safa. Wata tsohuwa 'yar Buhara da muke maƙwabtaka ce ta koya mata.

Nakan ce, "Inna, wa zai sa shurrab a garin nan? Ƙafa ai dahuwa za ta yi."

Takan ce, "Ba naku ba ne, ya waladi, ɗana. Na Baffa ne."

Baffa shi ne mahaifinta. Ta baro shi a wani ƙauye kusa da Jos lokacin da suka taso aikin hajji da mahaifina, ba su kuma samu komawa ba. Ta ce garinsu sanyi gare shi, tsohon kuma yana fama da ciwon ƙafa, amma ba ya fashin sallar asuba a masallaci. Kowace shekara takan saƙa masa safa, bakinta da jan layi, dunduniyar kuma ninki biyu. In alhazai sun tashi komawa, sai ta nemi wanda ya fito daga wajajensu ta ba shi. Wata shekarar a kawo mata gaisuwar yayanta, wai kowa lafiya. Wata shekarar shiru.

A wani aikin hajji na ɗaukar wa wani dattijo kaya. Muna tafe muna hira, ya ambaci sunan ƙauyensu, sai na ji na Inna ne. Murna ta kama ni. Na dage sai ya zo gidanmu, ina ta jin kaina kamar na yi abin da ba a taɓa yi ba. Washegari da hantsi na je masaukinsu na taho da shi.

Inna ta shimfiɗa masa tabarma, ta ɗora shayi. Ya cire takalmi zai zauna, sai na ga ta tsaya da buta a hannu tana kallon ƙafarsa. Safar da ke ƙafarsa mai jan layi ce.

Ta ce, "Baba Alhaji, ina ka samo wannan?"

Ya yi murmushi ya ce, "Ashe ke ce mai saƙar. Allah ya yi miki albarka, 'yata. Ai tun da Malam ya rasu, yayanki yake raba mana su, mu tsofaffin masallaci. Ba wanda ya sa bai yi masa addu'a ba."

Ta ce, "Wane Malam?"

Nan dattijon ya gane. Ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ya yi salati, muryarsa ta yi ƙasa, ya ce shekarun da yawa, shi ya ɗauka ta sani. Wai yayanta ne ya hana a faɗa mata, don tana nesa, ba ta da wanda zai rarrashe ta.

Inna ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta zuba masa shayi, ta tambaye shi ko Baffa ya sha jinya, ta tambayi inda aka binne shi. Da zai tafi ta shiga ɗaki ta ɗauko safar bana, ta miƙa masa ta ce, "A kai wa masu masallacin." Sai bayan na raka shi na dawo na same ta tana kuka.

Da sanyi ya zagayo na sayo mata ulu da kaina. Ta karɓa ta yi godiya, ta ajiye. Na ce, "Inna, tsofaffin nan fa suna jira." Ta ce, "Ƙafar Baffa kaɗai na sani. Ita nake gani in ina saƙa." Daga nan ba ta ƙara taɓa tsinke ba har ta koma ga Allah. Umara ta riƙa yi wa Baffa, da sadaka.

Yanzu na girmi dattijon nan a shekaru. Na san haƙƙinta ne ta sani, da ban kawo shi ba ma wata rana wani zai faɗa. Duk da haka abin yana cina. A duk zaman da Inna ta yi a ƙasar nan, watannin saƙar nan ne kawai nake ganinta kamar tana gida. Tana saƙa tana ba mu labarin rafinsu da 'yan'uwanta, ni kuma hankalina na waje, wurin abokai. Da saƙar ta tsaya, labaran ma suka tsaya. Yau jikokina kan tambaye ni yadda garin kakanninsu yake, in buɗe baki, in tarar sunan garin kawai na riƙe.