Yatsan Inna a Takarda

Sau biyu na sa Inna, mahaifiyata, ta dangwala yatsa a takarda, kuma a na farkon ƙarya na shirga mata. Na ce sabunta takardar gida za a yi. Alhali banki na kai ta, na jinginar da gidanmu na Birnin Kudu, wanda Baba ya sa wa sunanta tun yana raye, na ci bashi na faɗa sarin riɗi. A lokacin ji nake duk garin ba mai wayona. Farashi ya karye, ruwa ya shiga sito, jarin ya narke a hannuna.

Da kotu ta sa ranar gwanjon gidan, sai na lallaɓa Inna na kai ta Zandam wurin ƙaninta, wai za a gyara rufin ɗakinta kafin damina. Jaka ɗaya ta ɗauka da butarta. Ko maƙwabta ba ta yi wa sallama ba, tafiyar sati biyu ce a ganinta. Damina ta zo ta wuce ina ta kawo dalili, yau magini ba lafiya, gobe kwano ya yi tsada.

Bayan kaka takarda ta iso: an sayar da gidan fiye da bashin, akwai rara a kotu. Ba zan ɓoye ba, murna na yi. Na sa babbar riga na tafi karɓa. Magatakardan ya duba fayil ya dube ni.

"Malam, ba kuɗinka ba ne. Mai sunan gida za ta zo da kanta."

Na roƙe shi, na yi masa hayaniya, har na tambaye shi ko ya san ɗan wane ne ni. Ko gezau bai yi ba.

Dole na ɗauko Inna daga Zandam, na ce mata maganar takardar nan ce dai. Fatana ya nuna mata gurbin yatsa kawai mu fita. Ina! Bawan Allahn nan ya gyara tabarau ya fassara mata komai da Hausa, dalla-dalla: jingina, bashi, gwanjo, rara. Ni dai takalmina nake kallo. Inna ba ta waiwayo ni ba. Ta miƙa yatsa, aka shafa tawada, ta dangwala.

A waje na tsaya jiran faɗa, har so nake ta mare ni. Sai ta ce, "Kai ni kasuwa."

Sabulu ta saya da gishiri, aka ƙulla mata kashi bakwai. Sannan ta ce mu nufi unguwarmu.

"Inna, me za mu yi a can?"

"Tun ina amarya nake zaune da mutanen nan. Na tashi ban nemi yafiyarsu ba, kamar ɓarauniya."

Haka ake yi a wurinmu, mai tashi daga unguwa gida-gida yake bi yana neman a yafe masa. Ni namiji, a bakin zaure nake tsayawa da ƙunshin sabulu, amma katangar ƙasa ba ta riƙe murya. A gidan farko na ji ta tana cewa, "Mun sayar da gidan. Ni na matsa wa yaron nan ya sayar, zama kusa da dangina nake so."

Matan suka amsa, "Allah ya sa haka ya fi alheri, Inna."

Sun sani sarai. A gabansu aka liƙa sanarwar kotu a ƙofarmu, mazajensu sun tsaya kallon gwanjon. Inna, matar da ta taɓa zane ni da tsumagiya don na ce na je makarantar allo alhali ban je ba, ita ce ta maimaita maganar nan a gida bakwai, muryarta ko rawa ba ta yi. Da muka zo ƙofar gidanmu, an sa mata sabon ƙyaure kore. Ta wuce ba ta ɗaga kai ba.

A motar komawa Zandam ta yi ta goge yatsan da bakin mayafi, tawadar ta ƙi fita. Da muka yi nisa sai na juya wurinta.

"Inna, ki yafe mini."

Ta saki bakin mayafin ta dube ni.

"Gidan na yafe. Amma yau ka sa na yi ƙarya sau bakwai da furfurata. Wannan kam ka ba ni lokaci."