Damin Ramalan Magini

Wannan shagon da kika ce kin kai wayarki caji a Rano, Salma, na jerin bakin kwaltan nan mai jan ƙyaure, kin san a kan me kika tsaya? A tsakar ɗakin Yaya Ramalan kika tsaya. Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, shi nake bi. Ba ki san shi ba, kina bayan uwarki aka binne shi. Jawo ƙwaryar nan ki riƙa ɓare mini gyaɗa, ni na yi da baki ke ki yi da hannu.

Magini ne, na ƙasa, ba irin birkilolin nan naku masu bulo da igiya ba. Shi da ido yake awo. In ya kwaɓa ƙasa da ramno, busasshiyar ciyawar nan ta gini, ya bar ta ta ruɓa, ya ɗora tubali, ya jera azara, ya bi da makuba, to ki je ki yi barcinki, damina ba ta da abin yi da ke. Cikin Rano ban san iyakar soron da hannunsa ya taɓa ba. Amma shi kansa, da matarsa Huseina da 'ya'yansa mata, a raɓe suke a gidan kawunmu, ɗaki ɗaya, kusa da turken akuya. Mai yi wa mutane gida ke nan.

To wata damina ruwa ya yi gyara, soron Alhaji Nata'ala ya zube. Alhaji Nata'ala mai gonaki ne, mai gyaɗa, mutumin kirki, Allah ya jiƙansa, ban da abin faɗa a kansa. Da rani ya shigo Yaya ya tayar masa da soron, ya yi masa zanko, har mutane suna zuwa kallo. Alhaji ya ji daɗi, ya ce masa ya zo su je bayan ganuwa. Ni lokacin na zo gida wanka, na haifi kawunki, aka ce na bi su da fura. Da kunnena na ji, wannan kunnen. A gefen gonarsa akwai wani fako, ko ƙaya ba ta fitowa da kirki. Ya nuna da sanda ya ce, "Ramalan, daga kukar nan zuwa dutsen can, na ba ka duniya da lahira. Ko 'ya'yana ba su da magana." Dattawa biyu suna tsaye. Aka shafa fatiha, aka raba goro, suka sha furata. Takarda? Wa yake takarda a lokacin? Ai in ka ce wa mutum irin Alhaji ya rubuta maka, ka zage shi.

Ki ga Yaya a shekarar nan kamar an mai da shi saurayi. Ya wuni a ginin mutane, da yamma ya dawo nasa. Huseina tana ɗibar ruwa, yara suna taka ƙasa. Ya yi zaure, ya yi ɗaki biyu, ya yi rumbu. Daɓen tsakar ɗakin nan in kika taka sai ki ji kamar bayan ƙwarya. Lokacin babu kowa a wajen, sai Fulani in sun wuce da shanu su tsaya su sha ruwa. Mutane har tsiya suke masa, wai Ramalan ya koma zama da kuraye.

Yanzu ki buɗe kunne, don ku 'yan zamani ba ku san wannan ba. A ƙasarmu in mutum ya ba ka aron gona ko aron fili, duk kaka sai ka kai masa dami guda na hatsi. Ba don ya ci ya ƙoshi ba ne, don kowa ya gani ya san ƙasar nan da mai ita. Wanda aka ba kyauta ba ya kai dami. Ya yi godiya, ya yi addu'a, shi ke nan. Yaya ya san haka sarai, ba yaro ba ne. Amma shi irin mutanen nan ne da in ka ba shi ruwa a moɗa ba zai iya barci ba sai ya rama. Kakar farko ya je 'yar gonar ubanmu ta Yalwa, wadda shi yake nomawa, ya tsinci zangarniyar dawa manya manya, ya ɗaure dami ya ɗora a ka. Ba ma a jaki ba, a ka. Ya ratsa gari da shi kowa yana yi masa sannu.

Alhaji ya ce, "Kai Ramalan, mene ne haka? Ba aro na ba ka ba."

Ya ce, "Na sani, Alhaji. A dama wa yara kunu."

To shi ma Alhajin kunya ta hana shi ya ce a mayar. Ya yi dariya ya sa aka shigar cikin gida. Shi ke nan fa, abu ya zama jiki. Duk kaka dami.

Huseina ba ta yi shiru ba, ita bakinta ba ya ajiya. Ta ce, "Malam, in godiya za ka yi, kai masa zakara. Kai masa ɗan akuya, ni zan ba ka nawa. Dami fa sunansa dami."

Ya ce, "Ke dai faɗi gaskiya, ba kya son a taɓa rumbu."

Ta ce, "Rumbun da kai ka gina? Kwashe duka ka kai masa a buhu. A ka ne ba na so, gari yana kallo."

Ya ce mata wai mata ba su san mutunci tsakanin maza ba. Ni ma da na sa baki haka ya gaya mini.

Alhaji ya rasu, dattawan nan biyu suka bi shi. Muka ce to yanzu sai a huta. Ina! Ya ce yanzu ne ma ya kamata, ga marayu. Babban namiji a cikinsu Tajuddeen, lokacin ko wando bai iya ɗaurawa ba, Yaya yakan ajiye damin ya ɗauke shi ya cilla sama. Da kunun dawar nan ya girma.

Sai soja suka sauka aka koma zaɓe. Gari ya fara kumbura. Aka ja kwalta ta bi ta gaban gidan Yaya, aka kafa turakun wuta. Wajen da ake cewa na kuraye ya zama bakin titi. Ma'aikata suna neman fili, 'yan siyasa suna neman fili, duk ɗan da ya je Kano ya samu abin hannu sai ya dawo yana neman inda zai kafa bulo. Dillalai a kan babura suna zagaye kamar angulu. Shi kuwa Yaya aikinsa ya mutu a tsaye, kowa siminti da kwano yake so, sai dai a kira shi toshe katanga ko yaɓen rumbu. Bai damu ba. Yakan ce tunda yana da inda zai sa haƙarƙarinsa, sauran duk mai sauƙi ne.

Aka zo aka ce an kawo shari'a. Wallahi mun yi murna, har guɗa na yi, Yaya ma da shi aka yi ta kabbara. Malamai suka shiga wa'azi a kan gadon da aka bari ba a raba ba, suka ce cin haƙƙi ne, kuma gaskiyarsu. Gidan Alhaji Nata'ala kuwa tun rasuwarsa ba a raba ƙasa ba, gandu ake yi. 'Ya'ya suka ɗauko malami mai rabon gado, aka fito da igiya ana auna gona. Yaya yana zaune a ƙofar zaurensa har yana yi musu sannu da aiki. Sai ya ga igiya ta wuce kuka, ta bi ta bayan rumbunsa, ta je ta taɓo dutse.

Aka sa ranar zama a zauren mai unguwa. Aka aiko mini nan Kahu, na hau acaɓa, mayafina yana ta tashi, ƙafata duk ta sage. Muka zauna daga baya ni da Huseina.

Malamin nan ba mugu ba ne, ba zan ɗauki alhakinsa ba. Ya ce, "Wanda ya daɗe a wuri yana gini yana gyara, masu wurin suna gani ba su ce komai ba, shari'a tana bar masa. Sai fa in aro aka ba shi." Na ce a raina alhamdulillahi, an gama.

Sai Tajuddeen ya gyara zama. Ya zama mutum lokacin, shadda tana ƙara, makullin mota a hannu. Ya ce, "Allah gafarta Malam, ni ba zan yi jayayya da Baba Ramalan ba, ubana ne. A tambaye shi kawai, me yake kawo mana duk kaka?"

Malam ya ce, "Malam Ramalan?"

Ya ce, "Dami."

"Tun yaushe?"

"Tun shekarar da na shiga."

"Har bana?"

"Har bana."

Huseina ta danƙe mini cinya sai da na ji farcenta. Ba a ma nemi shaida ba, shaidu suka yi ta fitowa da kansu. Mai shayi ya gani, mahauci ya gani, ladan ya gani. Ba ƙarya suka yi ba, sun gani ɗin. Shi ya ɗora a ka ya nuna musu.

Na miƙe na ce, "Ina wurin! Ni na kai fura! Duniya da lahira Alhaji ya ce!"

Mai unguwa ya ce, "Iya, zauna. Ke 'yar'uwarsa ce, kuma ke kaɗai ce. Ina mazan da suka ji?"

Na ce, "Suna maƙabarta, a aika a kira su."

Wani ya yi dariya. Na ce to dawar ma ai ba a ƙasar Alhaji aka noma ta ba, ta gonar ubanmu ce. Mai unguwa ya ce shi dai tun tasowarsa bai taɓa ganin wanda aka ba kyauta yana kai dami ba. Aka juya ga Yaya ko yana da magana. Ya ce, "Godiya nake yi." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Daga nan ban zame ko'ina ba sai wajen Hajiya Bara'atu, uwar Tajuddeen. Tana da rai lokacin, kuma ta sani, don a gabanta Alhaji yake cewa ba aro ba ne. Na durƙusa mata, ni da furfurata. Ta ja carbi ta ja carbi, ta ce, "Ni mace ce, ba na shiga maganar ƙasa." Da ake shigar mata da dawa tana sussuka ba ta ce ita mace ce ba.

Aka yanke cewa aro ne, aka ce Yaya ya kwashe azararsa da ƙyaurensa, kamar yadda ake yi wa mai aro. Bai yarda kowa ya taɓa ba. Shi ya hau da kansa, tsoho da shi, yana ɓamɓare ƙasa yana zare azara ɗaya bayan ɗaya, yana shafa ta kamar mai duba doki. Tajuddeen ya aiko wai in an gama shaguna zai ba shi gadi. Gadi, Salma, a ƙofar ɗakinsa. Ya ce a gode masa.

Huseina ta tafi wajen babbar 'yarsu, ba saki ba ne, wurin zama ne babu. Shi na taho da shi nan, muka ba shi ɗakin zaure. Azarar aka jibge a gindin tsamiyar can. Kawunki ya ce, "Kawu, ga fili a bayan gida, ka tayar da ɗaki, na ba ka kyauta." Ya dube shi ya ce, "Na ci kyauta na ƙoshi." Bai sake kwaɓa ƙasa ba, ko murhu na ce ya gyara mini sai ya ce gobe.

Kakar da ta biyo, an shigo da dawa an zube a tsakar gida, na fito na tarar da shi a tsugune yana tsintar manyan zangarniya. Ya ɗaure dami tsaf, ya ɗaga zai kai ka, sai ya tsaya. Ya daɗe a haka, dami a ƙirji. Na karɓe na kwance na zuba a turmi.

Bai ga wata kakar ba. Ranar da ya rasu masu haƙa suka aiko a nemo itacen rufe kabari, yara suka ɗauki gatari za su shiga daji. Na ce ina za ku, ga azararsa can. Suka ce Iya, azarar giginya ce mai kyau, asara ce. Na ce ku sassare. Aka yanka ta gajeru gajeru aka jera masa, aka bi da ƙasa kwaɓaɓɓiya. Sauran tana nan gindin tsamiya, gara ta gama da rabi, na hana a ƙona, na ce a ajiye mini.

In kin koma cajin wayar, ki duba bayan shagunan. An sare kukar, amma dutsen yana nan, na ji an ce masu faci ne suke zama a kai. Kai, wannan gyaɗar da kika ɓare duk kin farfasa ta. Miƙo nan.