Filafili a Cikin Tsumman Bindiga

Akwai abin da na yi da hannuna wanda har yau nake fatan da ban yi ba. Na yi wa wakilin majalisa ƙarya a kan bindiga guda ɗaya, wani bawan Allah ya rasa ƙafarsa.

Lokacin ana gina madatsar Kainji. Ruwa bai taso ba tukuna, amma an fara auna wa mutanen bakin kogi sababbin gonaki a tudu, kowa a tsorace, rigimar iyaka ko'ina. Aka ce gwamna ya ba da umarni a ba 'yan sintirinmu bindigogi saboda dorina da ke cinye amfanin gona tana kife jirage. Ni aka damƙa wa mabuɗin ɗakin ajiya a Yelwa, don na yi elementare. Ƙa'ida ita ce wanda ya karɓa da safe ya maido kafin magariba. Kowace bindiga mukan shafe ta da man kaɗanya, mu naɗe da tsumma mu ɗaure, saboda damshin kogi yana sa tsatsa.

Ƙanin matata yana cikin 'yan sintirin, kuma akwai wasa tsakaninmu. Ya zo ya ce in ba shi ɗaya ya tafi da ita Ngaski ya yi mako. Na san yana rigimar gona da wani masunci a can. Na ce a'a.

Ya ce, "Kai, ragon miji! Ashe yayata mai gadin ƙarfe ta aura? To in dorina ta cinye ni, kai za ka gaya wa Inna."

Aka yi dariya, kunya ta kama ni, na miƙa masa.

Bayan kwana biyu sai ga saƙo: 'yan majalisar dokoki sun ce ba za a riƙa raba makamai da sunan gwamna ba alhali su ba su san hannun da suke ba, wakilinsu yana tafe ranar. Mu a lokacin 'yan surutu muke kiransu. Gwamna ya bayar, ina ruwansu? Amma na kasa zama. In shiga ɗaki, in fito, in leƙa bakin ruwa ko zan ga jirgin Ngaski. Ƙarshe na ɗauko wani karyayyen filafilin tuƙa jirgi, na naɗe shi da tsumma mai maiƙo, na jera shi can ƙarshen layin bindigogi.

Wakilin dattijo ne mai yawan tari. Ya ce, "Malam, duk suna nan?"

"Suna nan, ranka ya daɗe."

Ya sa na kwance ta farko, mai ya ɓata masa hannun riga. Ya ce, "Wannan mai haka, soya su za ku yi?" Ya goge hannu, bai nemi a kwance sauran ba. Har ya kai ƙofa sai ya juyo. "In akwai wadda ke waje, faɗa mini yanzu. Ba kama ka na zo yi ba. Ga mota, sai mu je mu karɓo."

Na saci kallon ƙarshen layin. Na ce babu.

Kwana huɗu bayan nan ƙanin matata ya harbi masuncin a gwiwa a bakin iyakar gona. Aka ɗaure ƙanin matata, ni kuwa mabuɗi kawai aka karɓe mini. Masuncin ya dawo kasuwar Yelwa yana gyaran taru da ƙafa ɗaya. Shekara da shekaru ina zagaye layin da yake zama don kada mu haɗa ido, har ya rasu ban nemi gafararsa ba.

Ku da kuka karanta, in an aiko mai dubawa ya tambaye ku abin da ke hannunku, ku kwance masa komai ya gani. Ina roƙonku kada ku yi irin tawa.