Bakunan Randar Hansai

Na fara jin sunan Hansai ranar da na leƙa rijiyar gidanmu a Ƙarfi, kakata Nana ta fizgo ni tana cewa, "Jinin Hansai ba ya wasa da bakin rijiya." Hansai kakar kakarta ce, maginiyar tukwane, tun Turawa ba su zo ƙasar Katsina ba.

Haƙar rijiya ce sana'ar mijin Hansai, Rabe. Ƙasar wajen kuwa rairayi ce, wata rana ta rufta da shi. Ɗansu Manu ya gaji sana'ar. Ɗan fari ne, ko sunansa Hansai ba ta kira, balle ta riƙe shi ta ce kada ya shiga. Sai dai ta bi shi da ido.

Wata damina ta je ɗibar yumɓu a rafi, ta ga bakin fasasshiyar randa a binne. Ruwa ya zaizaye ko'ina, amma ramin da ke cikin bakin nan bai rufta ba. Ta tsuguna tana kallo har yumɓunta ya bushe a ƙwarya.

Ta koma gida ta fara gina bakin randa zalla, ba gindi, mai faɗin da ƙato zai wuce ta ciki. Na farko suka tsage a wuta. Ta ƙara ƙaiƙayi, suka yi gautsi. Ta daka tsingaro ta cuɗa da yumɓun, ta ƙara musu kauri. Rani ya zo ya wuce, wani ya zo, sannan ta samu waɗanda in an ƙwanƙwasa suke amsawa. Nufinta a riƙa jera su cikin rijiya ana haƙa ana saukarwa.

Abokan aikin Manu suka zo gani. Aƙilu, babbansu, ya kwashe da dariya.

"Manu, a kabari ake jera wa mutum tukwane. Innarka har ta gama maka shiri!"

Manu ya sunkuyar da kai. Da suka fita ya ce, "Inna, da raina za ki rufe ni da tukunya? Gari duk ya ɗauka."

"Kai dai gwada guda biyu."

"Allah ya ba ki haƙuri, Inna."

Ranar kasuwar Malumfashi aka zo mata da labari, rijiya ta rufta da Manu. Sai bayan la'asar aka tono shi.

Masu haƙar kabari suka aiko neman tukwanen rufi, don gidan maginiya ne. Ba a sami komai a tsakar gida ba sai bakunan nan, jingine da danga. Aƙilu da kansa ya ɗauki taɓarya ya fara fasawa, hawaye na zuba a gemunsa.

Hansai ba ta yi kuka ba tukuna. Ta fito daga ɗaki ta riƙe taɓaryar.

"Malam Aƙilu, ka bar mini ɗaya," ta ce. "Ko ɗan wata uwar zai yarda."