Kicin Ɗin Mai Sayen Gida

Ƙarfe huɗu da kwata na wata Asabar, an idar da La'asar ke nan, Yaya, babban wanmu, ya shigo gidanmu na unguwar Rikkos a Jos da mutum biyu: wani abokinsa dillalin gidaje, da mai sa tayil daga unguwar Congo-Russia. Ina zaune a bakin kicin ina bitar jarrabawa, Umma tana ciki tana tankaɗe. Rufin kicin ɗin ke yoyo tun farkon damina, kuma iyakar abin da ta roƙa ke nan, a canza kwano.

Dillalin ya leƙa. Ya dubi bangon da hayaƙi ya rine, ya dubi murhun da Baba ya gina mata kafin rasuwarsa, ya ce, "Hajiya, irin wannan ne ke karya darajar gida. Mai saye kicin yake fara dubawa, matarsa ke jan shi."

Na ce, "Wa ya ce za a sayar?" Muryata ba ta da ƙarfi, ba wanda ya juyo.

Mai tayil ya shafa bangon ya nuna mata tafinsa, ya yi magana da 'yar Hausarsa ta koyo. "Mama, wannan hayaƙi naka, ko fari na sa, zai koma gawayi. Sai dai gas."

Umma ta yi dariya. "Kai ma ai da hayaƙin aka dafa abin da ya girmar da kai."

"Gaskiya ne, Mama. Amma Oga ne ya kira ni."

A zaune Umma take girki tun ina ƙarama, a kan 'yar kujerarta. Gishiri, daddawa, ludayi, komai yana inda hannunta zai kai. In za ta tuƙa tuwo sai ta saƙala ƙarafa biyu a kunnuwan tukunya, ta take su da ƙafa, ta kama muciya da hannu biyu. Da gwiwoyinta suka fara ciwo ma wannan zaman bai gagare ta ba. A nan nake karatu in sanyin Jos ya matsa, bayana jingine da bangon murhu.

Da ta ga aikin ya wuce canjin kwano, abu ɗaya ta nema, a bar mata lungu guda a ƙasa inda za ta hura wuta. Yaya ya durƙusa gabanta ya ce, "Umma, gida kadara ne. In za a kashe kuɗi, a kashe inda zai dawo wata rana."

Ta ci gaba da tankaɗenta. Ta ce, "Yadda kuka gani."

Aka fasa murhun. Aka ɗaga teburin siminti har ƙugu, aka liƙa farin tayil, aka jera kabad a sama inda sai ta yi ɗage take taɓawa. Ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Maƙwabta sun yi ta shigowa kallo suna sa albarka.

Ranar da ta fara tuwo a tsaye ina wurin. Tukunyar ta riƙa zamewa a kan gas, ta ce in riƙe mata da tsumma, tiriri yana dukan fuskata. Tuwon ya yi gudaji. Ta kashe wutar, ta zauna a ƙasa a kan tayil mai sanyi tana murza gwiwa. Bayan kwana kaɗan ta aika aka sayo murhun gawayi, ta ajiye a ƙofar ɗakinta, ƙarƙashin ɗan rufin da ya fito. Can take girki, feshin ruwan sama yana jiƙa mata zani. Sabon kicin sai dafa ruwan shayi, amma kullum da safe sai ta goge shi.

Na tambayi Yaya yaushe ne wata ranar nan. Ya ce, "Auta, ki ji da makarantarki." Na kira yayata da ke aure a unguwar Dutse Uku, ta ce yaro yana kuka, za ta neme ni. Damina ta wuce, wata ta shigo, ban ga ko mutum ɗaya ya zo taya gidan ba.

Wata yamma na tarar da Umma tana fifita gawayi tana tari. Na tsuguna kusa da ita na ce ta bari mu shigar da murhun ciki, ko bango ya yi baƙi ai namu ne.

"A'a. Kar a ɓata wa mutane."

"Waɗanne mutane, Umma? Yaushe za su zo? Kowa na tambaya sai ya kauce."

Ta ajiye mafici, ta gyara mini ɗankwalina da ya zame.

"Ba za su iya faɗa miki ba, Auta. Sun yi alkawari ba za a raba gado ina raye ba. Mai sayen yana jira ne in tafi."